Arewa: dokoki sun cika takardu, daji ya koma kufai

Duk wanda ya bi kwarin Dallol Mawri tun daga Matankari, ya ratsa Dogondutsi har ya sauka Tibiri, gawo ne zai fara yi masa maraba. Itace ne mai albarka: yana zubar da ganyensa da damina, hatsi ya yi kyau a ƙarƙashinsa, da rani kuma ƴaƴansa su ciyar da bisashe. Amma a gonaki da dama tsofaffin gawuna ne ke tsaye, ba a ganin na baya da za su gaje su. Tuddan da ke kewaye da kwarin kuwa sun zama fako, ruwan sama na gangarowa da ƙarfi yana cin gonaki.

Arewa ƙasar maharba ce tun fil azal. Dattawa na ba da labarin zamanin da barewa da kura da jimina ke yawo bayan gari. A yau yaro kan girma bai san su ba sai a tatsuniya. Farin 1973 da na 1984 sun yi ɓarna, jama'a ta ƙaru, gonaki sun cinye daji, gatari ya bi sauran.

Abin takaici shi ne, hukuma ba ta taɓa rasa alkawari ba. Tun 1975 ake bikin dashen itace kowace ranar 3 ga Agusta. A 1984, zamanin Janar Seyni Kunce, an yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. A 1998 an kafa dokar farauta da kare namun daji, aka bi ta da dokar kula da muhalli. A 2004 aka sabunta dokar gandun daji, kuma a wannan shekarar sunan Dallol Mawri ya shiga jerin wuraren dausayi masu daraja na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A 2011 Tibiri ta sami gundumarta. Ofisoshi sun ƙaru, inuwa ba ta ƙaru ba. Manya kan dasa itace ranar 3 a yi tafi, ranar 4 babu mai ba shi ruwa sai akuya ta zo ta gama da shi. Lokacin zaɓe kuwa, ba safai ɗan takara ke ambaton daji ba, tun da gawo ba ya jefa ƙuri'a.

Har ma akwai dokar da ta yi gyaran gangar auzinawa. Ƙarƙashin dokar gandun daji ta 1974, manomi na iya shan tara don ya sassare reshen gawon da ke cikin gonarsa. Ganin haka, da yawa suka gwammace tumɓuke tsiro tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo musu ƴan gandun daji.

Alhali kuwa magani na kusa. A jihohin Maraɗi da Damagaram, da manoma suka tabbata itacen gonarsu nasu ne, sai suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma. An ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta kai hekta miliyan 5. A Kure, kan hanyar Doso zuwa Yamai, raƙuman dawa 49 kacal suka rage a 1996; da aka sa mutanen ƙauyuka cikin tsaronsu, suna cin moriyar baƙi masu zuwa kallo, sun haura 600 a 2018.

Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Talakan Arewa ba ya bukatar sabuwar doka. Bukatarsa a aiwatar da waɗanda ke akwai, a ba ma'aikatan muhalli kayan aiki, a kuma bar wa manomi ikon itacen da ya raina. In ba haka ba, wata rana jikokin maharba za su tambayi yadda gawo yake, kamar yadda suke tambayar kamannin jimina a yau.