Na'urar Gano Ƙarfe a Bakin Teku: Tsintuwa ce ko Rikazi?



'Yan makonnin da suka wuce, bayan mun tashi daga karatun Risala tsakanin Magariba da Isha'i, wani ɗalibi ya jira har kowa ya watse, sannan ya kwance bakin hankici ya nuna mana wani zobe. Ya ce shi da abokinsa suka haɗa kuɗi suka sayi na'urar gano ƙarfe a hannun wani da ya dawo daga Agadas. Sukan fita bakin tekun Fijirose da sanyin safiyar Litinin, bayan masu shan iskar Lahadi sun watse. Ya ce: "Allah gafarta Malam, a cikin yashi muka tono shi, zurfin kusan taƙi guda. Abokina ya ce rikazi ne, mu fitar da humusi mu raba sauran."

Mun yaba masa da ya tambaya kafin ya sayar. Da yake mun ji wasu matasan Zango da Gbegame su ma suna shawarar sayen wannan na'ura, muka ga ya dace mu yi bayani a nan don amfanin kowa.

Yadda na'urar take aiki

Sanda ce mai faifai a ƙasa. A cikin faifan akwai naɗin wayar jan ƙarfe, batir na tura wuta a cikinsa, sai ya haifar da ƙarfin maganaɗisu da ke ratsa yashi. Idan ya tarar da ƙarfe, ƙarfen kan mayar da martani, na'urar ta ji, ta yi ƙara. Ke nan babu tsafi a ciki, babu duba, babu aljani. Ba ta jin wuri ko gilashi ko roba, ƙarfe kawai take ji, kuma irin ta hannun matasanmu ba ta cika jin kwabo ba idan ya wuce zurfin santimita 20 zuwa 30. Jiƙaƙƙen yashi mai gishiri yakan rikita masu araha, su yi ta ƙara a banza.

Mutanenmu da yawa sun fara jin labarinta ne a shekarar 2014, lokacin da aka gano zinariya a Jado, arewacin Nijar, jama'a suka yi ta tururuwa can. To amma a lura, waccan zinariya ma'adini ce, Allah Ya halicce ta a cikin ƙasa, ba ta taɓa zama mallakar kowa ba, kuma a mazhabar Malikiyya al'amarin ma'adini yana hannun shugaba. Zoben Fijirose kuwa maƙeri ya ƙera shi, wani ya saya da guminsa, daga yatsan wani ya zame.

Gane abin da aka tono

Kafin a yanke hukunci sai an san abin. Mafi yawan abin da na'urar ke kira shara ce: marfin kwalba, kunnen gwangwanin lemo, ƙusa, ƙugiyar masunta da dalmar taru. Kunnen gwangwani shi ya fi yaudara, don ƙararsa ta yi kama da ta zoben zinariya.

Launi yakan taimaka. Baƙin ƙarfe yana tsatsa, maganaɗisu kuma yana kama shi. Jan ƙarfe da tagulla suna yin kore. Azurfa tana baƙi a ruwan gishiri. Zinariya mai kyau kuwa ko ta daɗe a yashi, da an ɗauraye ta sai ta fito da haskenta, ga ta da nauyi a hannu fiye da girmanta. Sai a duba cikin zobe ko maɗaurin sarƙa: lamba 750 na nufin zinariya karat 18, 585 karat 14, 916 karat 22, 925 kuma azurfa ce. Amma ana buga lambar ƙarya a kan jabu, don haka maganar ƙarshe ta maƙerin zinariya ce, shi da zai goga a dutse ya ɗiga ruwan gwaji.

Kuɗi kuwa shekararsu na jikinsu. Sefa ta yanzu kowa ya san ta. An soma sefa a 1945, akwai kuma tsofaffin da aka buga zamanin mulkin Faransa, kafin 'yancin 1960. Akwai kwabo da aninin Ingilishi masu huda a tsakiya, waɗanda kakanninmu fatake suka yi ciniki da su, har da rubutun Larabci a jikinsu.

Wannan dubawa tana da amfani biyu. Ita ke nuna ko abin na zamaninmu ne ko na dā, ita ce kuma ke ba ka alamomin da za ka gwada mai cewa nasa ne.

Kashi uku na abin da ake samu

Na farko shi ne rikazi. Hadisin Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, ya tabbatar da cewa ana fitar da ɗaya bisa biyar daga cikinsa. Imamu Malik ya fassara rikazi da dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne, aka same ta ba da kashe dukiya ko wahala mai yawa ba. Sauran kashi huɗun ma, a bayanin Muhtasar na Shehu Halil, na mai ƙasar ne idan ƙasar tana da mai ita. Abin da kuwa alama ta nuna na Musulmi ne, ko na wanda ake zaman amana da shi, ko an binne shi tsintuwa ne.

Na biyu shi ne abin da teku ta tofo wanda bai taɓa zama na kowa ba, kamar ambar da lu'ulu'u. Wannan na wanda ya samu ne, babu humusi a kansa.

Na uku ita ce tsintuwa, wadda malamai ke kira luƙaɗa: dukiya mai alfarma da ta ɓace wa mai ita. Zobe, sarƙa, ɗan kunne, agogo, waya, makulli, jakar kuɗi, duka nan suka faɗa. Kusan duk abin daraja da za a tono a Fijirose, ko a kan hanyar masunta da ta nufi Wida, ko ɓangaren Akpakpa, wannan kashin ne.

To ina hujjar abokin ɗalibinmu? Wai a ƙarƙashin yashi aka samu. Ai yashin bakin teku ba ya zama wuri ɗaya. Iska na tura shi, igiyar ruwa na kwashewa tana mayarwa, ƙafafu na tattakawa, ga zinariya da nauyi. Zoben da ya faɗi da la'asar ɗin Lahadi yana iya nutsewa kafin gari ya waye. Rufewar yashi ba ta cire mallaka. Haka nan kada wani ya ce ai masu zuwa wurin yawancinsu ba Musulmi ba ne. Muna zaune da Fon da Gun da Yarbawa da baƙi 'yan yawon buɗe ido cikin amana da doka ɗaya. Dukiyar Kirista da ta mai addinin gargajiya haramun ce a kanmu kamar yadda ta Musulmi take.

Niyya kafin a sunkuya

A mazhabarmu ɗaukar tsintuwa ba hukunci ɗaya gare ta ba. Wanda ya amince da kansa, ya kuma ji tsoron maha'inci zai ɗauke, wajibi ne ya ɗauka ya adana. Wanda ya san zuciyarsa za ta ci, haramun ne ya taɓa. Wanda ya ɗauka da niyyar mallaka tun daga farko, ya zama kamar mai ƙwace: ko ɓarawo ya sace a hannunsa sai ya yi ranko. Amma wanda ya ɗauka don ya mayar, amana ce a wurinsa, idan ta salwanta ba da sakacinsa ba babu komai a kansa.

Nan ne fa maganar na'ura ta yi nauyi. Mai tafiya ya yi tuntuɓe da jaka daban, wanda ya sayi na'ura ya yi sammako don neman abin da ya faɗi wa mutane daban. Kowa ya tambayi kansa: in na samu, me zan yi da shi? In amsar ita ce "Dantokpa zan nufa in sayar", to niyyar ta ɓaci tun kafin a kunna na'urar.

Yadda ake cigiya

Asalin babin shi ne hadisin Zaidu bin Halid al-Juhani, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai tsintuwa ya kiyaye siffar mazubinta da maɗaurinta, ya yi cigiya shekara guda. Ubayyu bin Ka'ab ma ya tsinci jaka mai dinari 100, aka umarce shi da cigiya.

Abu maras daraja, wanda mai shi ba zai dawo nema ba, kamar dala biyar ko dala ashirin da ta faɗi ita kaɗai a yashi, ba ya bukatar cigiya. Dalili shi ne dabinon da Annabi ya gani a hanya, ya bayyana cewa tsoron ko na sadaka ne kawai ya hana shi ci. Abu matsakaici, malamai da yawa na mazhabarmu sun ce a yi cigiyarsa kwanaki gwargwadon zaton za a nema. Abu mai daraja kamar zinariya da waya, shekara ce cur, daga ranar da aka tsinta.

Ana cigiya inda ake zaton mai abu zai nema. Ga zoben bakin teku, a gaya wa masu gadin wurin, da masu rumfunan abinci, da masu sayar da kwakwa, da 'yan zemijan da ke tsayawa a wurin, a sanar da komisariya mafi kusa. Ana yi a ƙofar masallaci, banda cikinsa, don hadisin Muslim ya hana cigiya a cikin masallaci. Rediyo da zaurukan WhatsApp da Facebook duka hanya ce mai kyau. Sai dai a kiyaye abu ɗaya: kada a saka hoto. Ka ce an tsinci wani abu a wuri kaza ranar kaza, mai shi ya zo ya siffanta. In ka nuna hoto ka ba maƙaryaci amsa. Wanda ya zo ya faɗi siffar daidai, nauyi ko lamba ko rubutun da ke ciki, a ba shi, ba sai ya kawo shaidu ba.

Waya kuwa a caja ta, a jira kira, kada a buɗe hotuna da saƙonnin mutane. Katin shaida da fasfo a miƙa wa 'yan sanda.

Idan shekara ta cika ba a zo ba, kana da zaɓi uku: ka ci gaba da ajiyewa, ko ka yi sadaka da shi a madadin mai shi, ko ka mallaka. A biyun ƙarshe, duk ranar da ya bayyana bai yafe ba, sai ka biya. Namiji kuma ya tuna, ko zoben zinariya ya zama nasa bai halatta ya saka ba.

Idan abin na tarihi ne

Gaɓar nan tamu ta ga abubuwa da yawa. Daga Wida aka yi ta lodin bayi zuwa ƙetaren teku ɗaruruwan shekaru, ganuwar Fotugal ta can tun 1721 take. Wanda ya ci karo da tsohuwar munduwar tagulla irin wadda aka yi ciniki da ita, ko mari, ko tarin tsofaffin kuɗi, kada ya kankare, kada ya kai wa maƙeri ya narkar. Bakin teku filin hukuma ne, ƙasar nan kuma tana da dokar kare kayan tarihi, biyayya ga shugabanni a abin da yake maslaha ce kuwa wajibi ne. Duk mun ga murnar da aka yi a Nuwamba 2021 da Faransa ta dawo da kayayyaki 26 na fadar Abome da aka kwashe a 1892. Bai kamata mu da hannunmu mu sayar da irinsu a ɓoye ba.

Ko a Ingila, inda wannan sha'awa ta yi ƙarfi, dokar 1996 ta tilasta wa wanda ya samu taska ya sanar cikin kwana 14. Mutumin da ya gano zinariya fiye da kilo 5 a yankin Staffordshire a 2009 ya sanar, aka ƙiyasta ta sama da fam miliyan 3, aka raba tsakaninsa da mai gonar. In wasu sun kiyaye wannan don tsoron kotu, mu da muka san akwai hisabi fa?

Hanyar halal

Ba mu ce na'urar haramun ce ba. Wanda zobensa ya faɗi ya ce duk wanda ya nemo masa zai ba shi kaza, wannan ji'ala ce, halal ce, sana'a ce ma ga mai na'ura. Wanda ka mayar wa kayansa ya ba ka tukuici don ransa, karɓa, amma kada ka riƙe kayan ka ce sai an biya. Ƙusa da ƙugiya da ka tono ka kwashe su, gusar da cuta daga hanya sadaka ce. Ka cike ramin da ka haƙa. Abin da ya yi kama da harsashi kada ka taɓa, kira 'yan sanda. Kada ka shiga ruwa, tekun Kwatano tana da ja, ta ci masu iyo da yawa. Ka runtse ido, kada kuma sammako ya cinye maka sallar Asuba.

Ɗalibinmu dai mun sa ya rubuta ranar da ya tsinta, da nauyin zoben, da haruffan da aka zana a cikinsa, ya ajiye takardar. Ya fara cigiya. Abokinsa bai ji daɗi ba, don akwai sauran bashin na'ura a kansu, mun kuma fahimci halin da suke ciki. Amma haruffan nan biyu da kwanan wata da ke cikin zoben sun nuna na aure ne, wataƙila akwai wata baiwar Allah da har yau take dawowa wurin tana dube-dube. Wanda yake da irin wannan a ajiye, ko ya riga ya sayar, ya same mu bayan karatu mu duba yadda zai warware tun yana da rai.

Allah ne mafi sani. Allah Ya wadatar da mu da halal, Ya tsare mu daga haƙƙin mutane, Ya mayar wa kowa abin da ya ɓace masa. Amin.