Tafiyar Asuba: A Rubuta Ta a Gaban Ƴan'uwa

Maganarmu ta wannan karo ta shafi mutanen da sana'arsu ta zama ce. Akwai su da yawa a Assamaka da Arlit da Akokan. Direban babbar mota yakan yi kwanaki a bakin iyaka yana jiran takardun duwan, yana kishingiɗe a inuwar motarsa. Mai kanti yakan wuni bisa benci. Ga kuma tsofaffin ma'aikatan Cominak, kamfanin haƙar yuraniyom da aka rufe ranar 31 ga Maris 2021. Mutumin da ya saba sammako zuwa aiki, yau daga gida sai fada, daga fada sai gida. A fadar kuwa shayi ne zubi uku, kowane da sukarinsa.

Ba da kowa muke ba. Matar da ke jidar ruwa, da lebura mai lodin buhuna, da makiyayi mai bin raƙuma, sun riga sun ba jiki haƙƙinsa. Baƙin da ake korowa daga Aljeriya, waɗanda ke tako kimanin kilomita 15 cikin rairayi kafin su iso Assamaka, ruwa da inuwa suke bukata.

An daɗe da sanin illar yawan zama. A shekarar 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya bayyana binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin haya na birnin Landan, a Ingila. Direba yana zaune wuni guda, shi kuwa mai karɓar kuɗi yana hawa yana sauka, domin motocin masu bene ne. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a kowane mako. Wato tafiyar minti 30 da ɗan sauri, sau 5 a mako. Wannan yana taimakawa wajen rage hawan jini da tsare mutum daga ciwon sukari.

To, faɗa ba wuya. Malamin asibiti ya auna mutum, ya ce masa ya riƙa tafiya. Ya yi kwana uku yana yi. Rana ta huɗu sanyin Janairu ya hana shi, ta biyar ya yi baƙo, ta shida kuwa ba wani dalili. Babu wanda ya sani, babu wanda ya tambaya, magana ta mutu.

Maganin wannan yana cikin al'adarmu. Ku dubi adashi. Kuɗin da mutum ya ce zai riƙa ɓoyewa a ɗaki ba ya kai wata guda, amma zubin adashi ba ya wucewa, saboda akwai masu jira. A kan wannan ne ƙungiyoyin Mata Masu Dubara suka tsaya tun da aka fara su a jihar Maraɗi a 1991: kowace mace tana zuba nata a gaban sauran, kowa yana gani. Haka nan a azuzuwan yaƙi da jahilci da muke zagayawa. Ajin da malami ke kiran suna kullum, yana kuma aikawa a dubo wanda bai zo ba, shi ne ke kaiwa ƙarshen zango da ɗalibansa.

Wasu ƙasashe sun kai wannan dabara ga motsa jiki. A Japan, tun 1928 gidan rediyo yake jagorantar motsa jiki da safe. Lokacin hutun makaranta yara sukan taru a fili da ɗan kati a wuya, duk wanda ya zo a buga masa hatimi na ranar. A Amurka kuma, a 1999, masana biyu, Rena Wing da Robert Jeffery, sun bi sawun mutum 166 da suka shiga shirin rage ƙiba. Cikin waɗanda suka zo su kaɗai, kashi 24 cikin 100 ne kawai suka riƙe abin da suka rage bayan an gama shirin. Cikin waɗanda suka zo da abokansu, aka kuma haɗa su suna kula da juna, kashi 66 ne suka riƙe.

Sai dai a lura da wani abu. Sanar da niyya daban, kawo rahoto daban. Wanda ya miƙe a fada ya ce daga gobe zai riƙa zagaya gari, ya sha yabo tun bai ɗaga ƙafa ba, kuma sau da yawa yabon nan ya ishe shi. Abin da ke riƙe mutum shi ne ya faɗi abin da ya riga ya yi yau, gobe ma a sake tambayarsa.

Ga yadda muke ba da shawara a yi. Mutum huɗu ko biyar da suka saba haɗuwa kullum, a masallaci ko fada ko aji, su sayi littafin rubutu guda. A jera sunaye a gefe, ranakun mako a sama. Wanda ya yi tafiyarsa ya zo ya rubuta yawan mintocin da hannunsa, a gaban sauran. Wanda bai yi ba a bar gurbinsa fari. Kada a cike wa kowa don kara, domin ranar da aka fara haka littafin ya zama banza. A riƙa karɓa-karɓa wajen riƙonsa, kowa da makonsa. Ga mu da muka koyi rubutu da girma, riba biyu ce: ƙafa ta motsa, hannu kuma bai manta alƙalami ba.

Mintocin tafiya za a rubuta, ba nauyin jiki ko awon jini ba. Waɗannan tsakanin mutum ne da malamin asibiti. Kuma gurbi fari ba abin yi wa mutum ba'a ba ne. Dattijon da aka yi wa dariya a gaban yara ba zai dawo ba. In an ga kwana biyu a jere babu rubutu, ɗaya ya je ya gaishe shi, wataƙila ba shi da lafiya, ya kuma biyo masa da asuba.

Mata za su iya yin nasu littafin a ajinsu, su zagaya tsakar gida ko su tafi gaisuwa a ƙafa tare. Direban da ya kama hanyar Arlit ko Agadas ya aiko da saƙon murya ta waya a rubuta masa, yaron motarsa ya zama shaida.

A ƙasarmu lokacin tafiya shi ne bayan sallar asuba ko dab da magariba. Da bazara zafin rana yakan haura digiri 45, don haka kada a fita da tsakar rana, kuma a sha ruwa. Saurin da ake so shi ne wanda mutum zai iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti 10, ya riƙa ƙarawa. A Assamaka kada a yi nisa da gari. A Arlit da Akokan a nisanci tulin sharar ma'adinai da wuraren da aka killace. Ranar da iska ta taso da ƙura a zagaya cikin gida, a rufe hanci da rawani.

Mai hawan jini ko ciwon sukari ya fara zuwa asibiti a auna shi, kuma kada ya daina shan maganinsa don ya fara tafiya. Duk wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri ya ɗebe shi, ko numfashi ya gagara, ya tsaya nan take, abokan tafiyarsa su kai shi asibiti. Cikin watan azumi a mai da tafiyar bayan shan ruwa, a kawo littafin wurin da ake haɗuwa bayan asham.