Mene Ne Amfanin Haɓa A Fuskar Ɗan Adam?

Taɓa ƙasan leɓenka, za ka ji wani ƙashi ya ɗan turo gaba. Wannan ita ce haɓa, kuma ɗan Adam kaɗai ke da irinta. Goggon biri da sauran birai, ƙasan muƙamuƙinsu baya yake komawa.

Masana sun daɗe suna muhawara kan asalinta. Wasu sun ce tana ƙarfafa muƙamuƙi wajen tauna, wasu sun danganta ta da magana. Amma binciken da aka yi a Jami'ar Iowa ta Amurka a 2015 ya nuna ba ta ƙara wa muƙamuƙi juriyar tauna. A ganin masu binciken, fuskar mutum ce ta ƙanƙance a tsawon zamani, sai haɓa ta fito fili.

A wajen likita kuwa, muhimmancinta daga ciki yake. Tsokar da ke jawo harshe gaba tana manne ne a bayan ƙashin haɓa. Shi ya sa idan mutum ya suma ake ɗaga haɓarsa domin hanyar numfashi ta buɗe.

Haka kuma, idan haɓar jaririnka ƙarama ce ta koma ciki, kuma yana wahalar shan nono ko numfashi, ka gaggauta kai shi asibiti.