Tarihin Hausari da Alƙaluman Masana

Ba a cika samun ƙasa a wannan nahiya tamu wadda alƙalami ya yi wa hidima kamar ƙasar Barno ba, domin tun daga shekarar 1576, sa'ad da Limam Ahmadu ɗan Furtuwa ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen Mai Idrisu Aloma, har zuwa wannan zamani da ake neman digiri a kan tarihinta a Zariya da Maiduguri da biranen Turai, ma'abota ilmi ba su gushe ba suna sunkuye bisa takardunta. Akwai Diwanin sarakunan Saifawa, wanda Bajamushen nan Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya samo kwafinsa a Kukawa. Akwai takardun mahram, waɗanda sarakuna kan ba gidajen malamai don a ɗauke musu haraji da aikin sarki. Akwai wasiƙun muhawara tsakanin Shehu Laminu da Muhammadu Bello, waɗanda Bello ya kawo cikin Infaƙul Maisuri. A kan waɗannan ne Palmer ya gina littattafansa a zamanin Turawa, daga baya kuma Louis Brenner ya fitar da tarihin Shehunan Kukawa a 1973, Muhammadu Nur Alkali ya yi bahasinsa mai zurfi a kan daular Saifawa a Jami'ar Ahmadu Bello.

Wannan dukiya ce babba, amma duk wanda ya yi mata karatun tsanaki zai lura cewa kusan dukkanta labarin fada ce da na manyan malamai, alhali kuwa gari ba fada kaɗai ba ne. Sa'ad da Shehu Abubakar Garbai ya kafa mazauninsa a Yarwa, wato Maiduguri ta yau, a shekarar 1907, bayan Rabe ya rushe Kukawa a 1893 shi ma ya gamu da ajalinsa a 1900, sabon birnin ya tashi ne unguwa-unguwa: ga Shehuri ta gidan sarauta, ga Limanti, ga Fezzan mai ɗauke da sunan ƙasar Larabawan da ke ƙetaro Sahara, ga kuma Hausari da Zango inda baƙi daga yamma suka sauke kaya. Ita fada tana da marubuta da maroƙa da ke tsare mata sunayen magabata, amma unguwar baƙi ba ta da mai tsare mata kome face tsofaffinta, su kuwa tsofaffi kullum raguwa suke yi.

Su wane ne ma suka cika Hausari? Na farko fatake, masu kawo goro da tufafin Kano, su koma da kanwa da manda da fatu, ciniki ne wanda ya girmi Yarwa nesa ba kusa ba, kuma Paul Lovejoy ya bi diddiginsa cikin littattafai biyu, ɗaya a kan goro a 1980, ɗaya a kan gishiri a 1986. Na biyu alhazan ƙasa, waɗanda kan taso daga Kano ko Sakkwato ko Katsina da niyyar sauke farali, su biyo ta Barno su shiga Fort Lamy da Abeshe har Bahar Maliya. Da yawansu guzuri kan ƙare musu a hanya, su tsaya neman na gaba da ɗinki ko wanzanci ko fawa, shekara ta bi shekara, a yi aure a haifu, har niyyar ta zama gado. John Works ya rubuta labarin irinsu da suka zauna a Chadi a 1976, Bawa Yamba ya rubuta na waɗanda suka tabbata a Sudan a 1995, Maiduguri kuwa ita ce zangon ƙarshe babba kafin a bar Nijeriya.

Na uku su ne almajirai, kuma a wurinsu ne zancen ya fi nauyi. Bahaushe idan ya ce wane ya tafi gabas, ba ya bukatar ƙarin bayani, an san Alƙur'ani ya tafi nema a tsangayun Barno, inda yaro kan shiga yana kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, in Allah ya yi masa buɗi ya haddace ya kuma rubuta Littafin da ka, har a kira shi alaramma ko gwani. Ilmin da ke cikin wannan tsari, na harji da ƙidayar kalmomi masu kama da juna da sanin inda kowace ta faɗo, da ƙa'idar rubutun nan mai kauri da ake gane Alƙur'anin Barno da shi, yawancinsa baki da baki ake karɓarsa, daga malami zuwa ɗalibi. Wanda ya bi zaurukan Hausari yana tambayar kowane alaramma wa ya karantar da shi, shi kuma wancan a wurin wa ya ɗauka, lalle zai fito da silsila mai haɗa Kano da Haɗeja da Damagaram da ƙauyukan bakin Chadi, kuma wannan tarihi ne na haƙiƙa ko da babu sunan sarki ko ɗaya a ciki.

Kada wani ya ce labarin talaka ba ya rubutuwa, gama an gwada an gani, kuma abin mamaki misalan da suka fi shahara duk suna da ƙafa a Barno. Dorugu yaro ne Bahaushe da aka kama bawa, ya faɗo Kukawa, Turawan tawagar Barth suka 'yanta shi, ya bi Barth har Ingila a 1855, can ya zayyana wa wani mai wa'azin Kirista, Schön, labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Kafin shi akwai Ali Aisami, Babarbare ɗan malami, wanda yaƙin da ya ci Birnin Gazargamu a 1808 ya ɗaiɗaita ƙasarsu, bauta ta kai shi har Saliyo, inda ya ba wani Bature, Koelle, labarinsa da tatsuniyoyin Barebari aka buga a 1854. Sai Baba ta Karo, tsohuwa a ƙasar Zazzau, wadda ta ce kakanninta daga Barno suka fito, Mary Smith ta zauna da ita tana rubuta abin da ta faɗa, littafin ya fito a 1954, har yau kuwa ba a yi wanda ya fi shi bayyana zaman matan Hausa kafin zuwan Turawa da bayansa ba. Ba ɗayansu da ya riƙe sarauta, amma da ba a tambaye su ba da mun yi hasarar abin da Diwani goma ba za su ba mu ba.

Sai dai tambaya tana da ladubbanta. Mai bincike na gaskiya ba ya karɓar riwaya don kurum mai faɗinta ya yi furfura. Yakan nemi daga wa ya ji, ya gwama maganarsa da ta maƙwabcinsa, ya auna ta da abin da ke cikin takardun haraji na zamanin En'e ko da wani abu sananne kamar isowar jirgin ƙasa Maiduguri a 1964, sa'an nan ya rarrabe abin da mutum ya gani da idonsa da wanda son kakanni ya ƙawata masa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san yadda malaman Hadisi ke tace isnadi. Ita ma takarda ba ta wadatuwa da kanta. Tsofaffin Alƙur'anan Barno da wani masani, Bivar, ya ɗauki hotonsu, ɗaya daga ciki mai tarihin 1669, suna ɗauke da fassara a gefe cikin wani tsohon harshen Kanembu, kuma sa'ad da Dmitry Bondarev ya duƙufa a kansu sai ya tarar malaman Barno suna nan suna fassara da jikan wannan harshe, wanda suke kira Tarjumo, ya zama sai da ya durƙusa gabansu kafin rubutun ya buɗe masa.

Ta fuskar ɗabi'u ma haka abin yake. Kirk-Greene ya tattara siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe cikin laccarsa da aka buga a 1974, irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci. Ronald Cohen kuma ya nuna a 1967 cewa ladabin ɗa ga ubansa shi ne ma'aunin da Babarbare ke auna duk wata hulɗa ta bara da ubangida. Kowannensu ya dubi al'umma guda a keɓe, Hausari kuwa wuri ne da tarbiyyar nan biyu ke kwana ɗaki ɗaya, inda uwa Babarbariya ce uba Bakano, yaro ya tashi da harshe biyu, a kasuwa kuma Hausa ta yi rinjaye. Haɗin gwiwar Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, da Jami'ar Frankfurt ya haifar da littafi a kan bunƙasar birnin da harsunansa, wanda Rupert Kawka ya shirya a 2002. Aiki ne mai kyau, amma da Ingilishi yake, a Jamus aka buga shi, ni kuwa a ganina ilmin da aka ɗebo daga bakin mutane bashi ne har sai an mayar musu da shi cikin harshen da suke ji.

Lokaci kuma ba ya jira. Fitinar da ta ɓarke a 2009 ta watsa gidaje ta cika birnin da 'yan gudun hijira, gobara ta cinye Kasuwar Monday a Fabrairun 2023, ambaliyar madatsar Alau ta shiga tsakiyar gari har fadar Shehu a Satumban 2024, takarda kuwa ba ta da maƙiyi kamar wuta da ruwa. Saboda haka muna roƙon malaman sashen tarihi da na harsuna a Jami'ar Maiduguri su tura ɗalibansu zaurukan Hausari da Zango, su ɗauki maganar tsofaffi maza da mata, su ɗauki hoton abin da ke cikin gafakar malamai da izinin masu ita, su buga sakamakon da Hausa da Barbarci. Kai kuma mai karatu, in kana da kaka ko kakan da ya rage a gida, wayar da ke aljihunka ta isa ɗaukar murya. Ka tambaye shi garin da uban gidanku ya taso, da shekarar da ya iso Yarwa, da sunan wanda ya sauke shi.