Burukutu

Burukutu wata giya ce ta gargajiya mai duhun launi, tsakanin ja da ƙasa-ƙasa, wadda ake dafawa a gida da tsiron dawa. Tana da kauri da tsami, kuma ana shan ta ne a ƙwarya tun tana kumfa. Ƙarfin mayenta yakan kama daga kashi 3 zuwa 6 cikin 100. Tana da dangi a faɗin Afirka ta Yamma: pito a Gana, dolo a Mali da Burkina Faso, cukutu a Benin, da bilbil a arewacin Kamaru. A ƙasar Hausa an san ta a wurin Maguzawan Kano, Katsina da Zazzau, da kuma masu addinin gargajiya na ƙasar Gobir da Maraɗi. Musulunci ya haramta ta, kamar yadda ya haramta duk wani abu mai sa maye.

Yadda ake dafa ta

Aikin yakan ci mako guda ko fiye, kuma kusan duk mata ne ke yin sa. Ana jiƙa jar dawa kwana ɗaya ko biyu, a tsame, a baza a inuwa a rufe, ana yayyafa mata ruwa har kwana huɗu ko biyar ta tsira. Wannan tsiron shi ne asalin aikin, domin lokacin da ƙwayar hatsi ta fara tsira tana fitar da sinadaran da ke narkar da sitaci ya koma sukari. Shi ya sa ma masu kunun zaƙi ke zuba tsiro don kunu ya yi zaƙi ba tare da an sa sukari ba.

Daga nan sai a shanya tsiron a rana, a murje saiwoyinsa, a niƙa. Murje saiwar ba don tsabta kaɗai ake yi ba. Ɗanyen tsiron dawa na ɗauke da wani sinadari da ke rikiɗewa ya zama guba, irin wadda ke kashe dabba idan ta ci gyauron dawa, kuma shanya da murza da tafasa su ne ke rage ta.

Ana dama garin da ruwa a dafa a manyan tukwane, a bar shi ya kwana ya yi tsami, a tace, a sake tafasawa na awoyi. Idan ya huce sai a zuba ɗan ragowar tsohuwar giya, wanda ke ɗauke da yis. Yis ɗin ne ke cinye sukarin ya mayar da shi alkohol da iskar da ke sa kumfa, cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Dusar da ta rage ana ba dabbobi.

Burukutu ba ta ajiyuwa. Ƙwayoyin da ke cikinta ba sa daina aiki, don haka bayan 'yan kwanaki takan yi tsamin da ba ta shawuwa. Wannan ne ya sa ta zama sana'ar unguwa da ranar kasuwa, ba hajar fatauci ba.

Dalilin duhunta

Baƙar giyar Turai, irin su Guinness, tana samun launinta ne daga sha'ir da aka gasa. Burukutu kuwa ba a gasa hatsinta. Launinta na fitowa daga ɓawon jar dawa da kuma doguwar tafasa. Duk da haka akwai inda hanyoyin biyu suka haɗu. Kamfanin Guinness ya gina masana'anta a Ikeja a farkon shekarun 1960, kuma bayan da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya na ƙasar sun koma amfani da dawa da masara, abin da ya buɗe wa dawar Arewa wata kasuwa.

A ƙasar Gobir

Alƙalawa, wadda kufanta ke bakin Gulbin Rima a yankin Sabon Birni, ita ce babban birnin Gobir tun zamanin Sarki Babari a ƙarni na 18. Sarakunanta Musulmi ne, amma al'adun gargajiya, har da bori, suna da ƙarfi a fada da ƙauyuka. A cikin Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa ci da shan abin da aka ga dama, ba tare da kula da halal ko haram ba, cikin laifuffukan sarakunan ƙasar Hausa. Mayaƙan jihadi sun ci Alƙalawa a 1808, aka kashe Sarki Yumfa.

Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun yi arewa, suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Daga baya wani reshe ƙarƙashin Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Saboda Tsibiri da Maraɗi ba su shiga ƙarƙashin Daular Sakkwato ba, addinin gargajiya ya fi daɗewa a can, a wurin dangogin manoma da ake kira Anna ko Azna. (Kalmar "arna" daga tushe ɗaya take, amma a yau ana ɗaukarta a matsayin cin fuska.) Masanin Faransa Guy Nicolas ya yi nazarin waɗannan dangogi a kwarin Maraɗi, kamar yadda Joseph Greenberg na Amurka ya yi a kan Maguzawan Kano a littafinsa na 1946.

A wurin irin waɗannan al'ummomi giya ba abin shagala ba ce kawai. Ana dafa ta don gayya, da biki, da zaman makoki, da lokacin yanka ga iskokin gida, kuma sayar da ita na ba mace kuɗin kanta. Wanda ya musulunta, barin giya na cikin abubuwan farko da jama'a ke gane shi da su. Yayin da Musulunci ya game ƙauyuka a ƙarni na 20, sana'ar ta ja baya ƙwarai, ta koma wasu tsirarun ƙauyuka, da unguwannin baƙi, da kasuwannin barikin soja.

Doka

A mazhabar Malikiyya abin da yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kuma haddin mai sha bulala 80 ne. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha giya. Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a watan Oktoba na 1999, Sakkwato da wasu jihohi suka biyo baya daga 2000, don haka Isa da Sabon Birni na cikin yankin da shari'a ta hana giya. Nijar kuwa ba ta da irin wannan dokar a matakin ƙasa.

Dafa giya don sha'awa

A Ingila an soke buƙatar lasisi ga mai dafa giya a gida a 1963, Amurka kuma ta halatta shi a 1978. Tun daga nan ya zama abin sha'awa da mutane ke yi a lokacin hutu, da kayan awo da tsiron da aka saya a kanti, ba don sayarwa ba. Kwatanta wannan da burukutu na iya ruɗar da mai karatu: mai dafa burukutu abinci take nema, ita ke tsirar da hatsinta, kuma a wurin uwa ko kaka ta koyi aikin.