Kayan Saita Bawul: Wanne Za a Saya, Wanne Za a Ƙera?

Jama'a manoma, yau zancenmu a kan injin gas ne, watau injin dizal, irin na tarakta da na niƙa da na ban ruwa. Duk mai irin wannan inji ya san akwai ranar da makanike zai ce masa sai an saita bawul. Aikin ba shi da wuya, ba ya kuma cin lokaci da yawa, amma yana son kayan aiki na sosai. Waɗansu kayan sai a kanti ake samunsu, da tsada kuwa. Waɗansu ko maƙeri ko mai walda na iya yin su da guntayen ƙarfe. To, wanne ya kamata mutum ya saya, wanne zai ba da a ƙera masa? Amsar gajeriya ce. Abin da aikinsa riƙo ne ko juyi, a ƙera shi. Abin da aikinsa awo ne, lalle a saye shi. Ga dalili.

Abin Da Ya Sa Ake Saitawa

Kowace silinda tana da bawul iri biyu. Ɗaya yana buɗe wa iska ta shiga, ɗaya yana buɗe wa hayaƙi ya fita. Akwai wani ɗan ƙarfe mai lilo da ke danna kan bawul, makanikai na ce masa roka. Tsakanin roka da kan bawul tilas a bar ɗan fili, gama ƙarfe in ya yi zafi yakan ƙara tsawo. In filin ya yi kaɗan, da inji ya ɗau zafi sai bawul ya kasa rufuwa sarai. Injin gas kuwa ba shi da fulogi, matsin iska ne ke kunna mai. Saboda haka in iska na zurarewa, inji zai riƙa wuyar tashi da safe, ƙarfinsa ya ragu. Abin da ya fi wannan muni, bawul ɗin hayaƙi yana sauke mafi yawan zafinsa ne sa'ad da ya zauna a mazauninsa. In bai zauna ba sai bakinsa ya ƙone, sai an sauke kan inji. In kuwa filin ya yi yawa, za ka ji inji yana ƙaf-ƙaf, bawul ba ya buɗewa sosai, ƙarafa suna cin juna.

Ka duba ƙanƙantar wannan fili. Injin Perkins mai silinda uku na taraktar Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, filinsa milimita 0.30 ne, watau inci 0.012, in inji ya huce. Haka nan injin Perkins 4.236 mai silinda huɗu. Kaurin takardar rubutu uku ke nan in an haɗa. Amma injin Perkins 1000 da ya biyo bayansu, na iska 0.20 ne, na hayaƙi 0.45. Tsohon injin Lister 6/1 mai silinda ɗaya kuwa, na iska inci 0.017, na hayaƙi inci 0.032. Ka ga ke nan kowane inji da nasa awo, ko da kamfani ɗaya ya yi su. Kada ka yarda wani ya ce maka duk ɗaya ne. Nemi littafin injinka. Waɗansu injunan zamani ma ba a saita su, gama matsin baƙin mai ne ke daidaita musu filin.

Abin Da Ba a Ƙerawa

Na farko shi ne ma'aunin fili, wanda makanikai ke kira fila-geji. Waɗansu siraran ƙarafa ne kamar ganye, an haɗa su wuri ɗaya kamar wuƙar aljihu, kowanne an rubuta kaurinsa a jikinsa. Babu maƙerin da zai buga ƙarfe da guduma ya fitar da milimita 0.30 daidai, kome gwanintarsa. Wannan ba raini ba ne, aikin injin masana'anta ne.

Akwai masu cewa ai reza ta isa, ko guntun zarton yankan ƙarfe. Kaurin rezar aski kimanin milimita 0.10 ne, na zarto kuwa wajen 0.65. Wanda ya saita Perkins da reza ya matse bawul, ya ba shi sulusin filin da yake so. Wanda ya saita da zarto ya ba shi fiye da ninki biyu. Duka biyu ɓarna ce. Alhali kuwa a cikin kayan makanike duka da wuya a sami abin da ya fi fila-geji araha. In za ka saya, nemi mai rubutun inci da milimita tare, don kada lissafi ya rikice maka. Ka riƙa shafa masa mai, ka ajiye shi inda ba laima. Ganyen da ya yi tsatsa ko ya lanƙwashe, ƙarya zai faɗa maka.

Na biyu shi ne sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Ba a bukatarta a saitin bawul na yau da kullum, amma ranar da aka sauke kan inji, da ita ake ɗaure notocinsa, bi da bi, kamar yadda littafi ya tsara. Ɗauri da ƙarfin damtse yakan sa gefe ɗaya ya fi ɗaya matsuwa, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Ita wannan tana da tsada, amma ba a ƙera ta a bakin kasuwa. Ka kuma tuna, duk lokacin da aka sake ɗaure kan inji, filin bawul yakan canja, sai an sake aunawa.

Abin Da Za a Iya Ƙerawa

A yawancin taraktoci da injunan niƙa, sifana mai zobe da sukudireba sun isa. Ka kwance notin kulle, ka juya sukurun saiti har ganyen awo ya riƙa wucewa da ɗan ja, sa'an nan ka riƙe sukurun ka ɗaure noti, ka sake aunawa. Sai dai ka lura da lambar sifana. Tsofaffin injunan Ingila ba da milimita aka yi notocinsu ba, na Lister ma awon Whitworth ne. Sifanar da ta yi wa noti ɗan yawa za ta cinye kusurwoyinsa.

Amma akwai injunan da sifana miƙaƙƙiya ba ta kai wa notinsu. Misali injin Mercedes OM616, wanda ke cikin motar 240D da motocin ɗaukar kaya 207D da 307D. Notocinsa biyu suna bisa kan bawul, a wani lungu matsattse. Ana bukatar siraran sifanu biyu masu lamba 14, lanƙwasassu, da ta uku mai riƙe murfin sifirin kada ya juya. Kamfanonin kayan aiki na Jamus, irin su Hazet, suna yin su. Amma mai walda da ya san aikinsa zai iya fitar da su daga sifanun kasuwa, gama ba awo suke yi ba, riƙo ne kawai.

In za a yi, ga sharuɗɗa. A sami sifana mai kyau, kada a ɗauko ta banza don za a sa mata wuta. A gasa wuyanta kaɗai, nesa da baki, domin wuta tana kashe taurin ƙarfe, bakin da ya yi laushi kuwa zai buɗe ya ɓata noti. Bayan an lanƙwasa a bar ta ta huce da kanta, kada a tsoma ta cikin ruwa, don kada ta yi gautsi ta karye a hannu. In za a rage kaurin baki da dutsen washi, a yi a hankali, kada ƙarfen ya yi shuɗi. Kafin a kai ta jikin inji, a gwada ta a kan wani tsohon noti.

Haka nan abin juya inji, da doguwar mariƙa da ake ƙara wa sifana, da abin danne sifirin ɗin bawul, duk ana yin su da guntun bututu da sandar ƙarfe. Masu aikin ƙarfe irin na kasuwar Panteka a Kaduna da na Ƙofar Ruwa a Kano ba su rasa dabarar irin wannan. Sai dai na danne sifirin a tabbata waldarsa ta kama. Sifirin yana da ƙarfi ƙwarai, in abin ya suɓuce, 'yan ƙarafan da ke kulle shi na iya tsalle su sami ido.

Lissafin Aljihu

Kafin ka fid da kuɗi, tambayi kanka sau nawa za ka yi aiki da abin. Mai inji ɗaya ba ya saita bawul sai jefi-jefi, bayan awoyin aiki da littafi ya ƙayyade. Shi fila-geji da sifanu masu kyau sun ishe shi. Makanike mai gareji, wanda ke taɓa irin injin nan kowane mako, gara ya sayi na kamfani, gama ɓata notin mutane sau ɗaya ya fi kuɗin sifanar. Mai tsada kuwa, irin sifanar awon ɗauri, ƙungiyar manoma ta gari ta saya ta ajiye wurin mutum ɗaya amintacce, mai bukata ya ara ya mayar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ka kuma sa wannan a ma'auni. Bawul ya fi ƙonewa a lokacin da inji ke aiki dare da rana, watau tsakiyar huɗa ko tsakiyar ban ruwa. A lokacin nan in tarakta ta kwanta mako biyu ana neman kaya, ba kuɗin gyara kaɗai aka yi hasara ba, har da shukar da ta makara.

Ranar Aiki

Ka bar inji ya kwana ya huce. Ka ja abin kashe inji, ka cire kan batir, domin injin gas na iya tashi in ana juya shi da hannu. Ka wanke murfin bawul kafin ka buɗe, kada ƙura ta faɗa ciki. Silindar da za ka saita, sai fistan ɗinta yana can sama, bawul duka biyu a rufe. A inji mai silinda huɗu da ke tashi 1, 3, 4, 2, in rokokin silinda ta 4 suna musanya, ɗaya na tashi ɗaya na sauka, ka saita ta 1. In na ta 2 ne, ka saita ta 3. In na ta 1 ne, ta 4. In na ta 3 ne, ta 2. Ka kuma duba bakin roka. In ya cinye ya yi rami, ganyen awo zai tsallake ramin ya nuna maka filin ƙarya, sai an gyara rokar ko an sake ta.

Kada ka bari sai ruwan fari ya sauka sa'an nan ka tashi neman sifana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da rani ka sayi abin awonka, ka kai wa mai walda abin da za a lanƙwasa, ka rubuta awon injinka a takarda ka ajiye tare da su.