YADDA A KE ZUBA WA BABUR MAI

Ya kai mai karatu, in kana da babur, ko kuwa ka saba hawan na haya, lalle ka taɓa ganin abubuwa biyu a gidan mai. Na fari, ana cikin zuba mai sai famfo ya yi ƙas ya tsaya, alhali tanki bai ko kai rabi ba. Na biyu, mai ya fantsamo waje, ya jiƙa tanki da wandon mai babur, har ya gangara bisa inji. Waɗansu su kan ce famfon ne ya lalace, waɗansu kuwa su ce mai sayarwa ne ya ke wata dabara. Galibi ba haka ba ne. Abin yana da dalili, in ka san dalilin kuwa ka san maganinsa.

Abin da ke sa famfo ya tsaya

In ka sami dama ka dubi bakin ƙarfen nan da a ke sa wa cikin tanki. Kusa da ƙarshensa za ka ga wata 'yar ƙaramar kafa. Daga kafan nan akwai siririn bututu a ciki, wanda ya tafi har cikin mariƙi, inda kunama ta ke, watau abin nan da a ke matsawa da yatsu kamar na bindiga.

Cikin mariƙin nan hanyar mai ta tsuke a wuri guda. Ka san ruwan rafi ya kan ƙara gudu in ya zo wurin da gaɓa ta matse. Haka mai ya ke yi, kuma sa'ad da ya ke wucewa da gudu ta wurin matsin nan, sai ya riƙa zuƙo iska ta siririn bututun. Wani masani na ƙasar Italiya, wai shi Banturi, shi ya bayyana wannan hali na ruwa cikin shekarar 1797. Daga baya, cikin 1939, wani mutumin Amurka mai suna Richard Corson ya ƙago bakin famfo mai tsayawa da kansa.

Muddin kafan nan tana buɗe, iska tana shiga, mai yana ta zuba. Amma da mai ya taso ya rufe ta, iska ba ta da hanya. Gwada da kanka: sa tsinken shan lemo a baki ka zuƙa, sa'an nan ka toshe ƙarshensa da yatsa, za ka ji kumatunka sun lotsa ciki. To, cikin mariƙi akwai wani tantani mai yin haka. In ya lotsa sai ya fizge abin da ke riƙe da ƙofar mai, ƙofa ta rufe. Ƙaran nan da ka ke ji ke nan. Babu lantarki cikin wannan aiki ko kaɗan. Famfo bai san tanki ya cika ko bai cika ba, abin da ya sani kaɗai shi ne an toshe kafarsa.

Bambancin tankin babur da na mota

Tankin mota yana da dogon wuya, mai ya kan gangara ta cikinsa ya tafi nesa da bakin famfo. Na babur kuwa ba shi da zurfi, kuma yana zaune bisa ƙarfen babur kamar sirdi bisa doki, cikinsa da tozo a tsakiya, daidai ƙarƙashin murfi. In aka saki mai da ƙarfi bisa tozon nan, sai ya dawo sama. Ko dai ya toshe kafa famfo ya tsaya, ko kuwa ya fallatso waje.

Ga kuma maganar sauri. Famfon gidan mai ya kan zubo lita 30 zuwa 40 cikin minti guda. Tankin babur irin Boxer, wanda 'yan acaba su ke hawa, kamar lita 11 ya ke ci. Ka ga ke nan cikin daƙiƙa 20 ya cika. Mai kuma in ya zubo da gudu ya kan yi kumfa, kumfa ma tana toshe kafa. Har wa yau iskan da ke cikin tanki tilas ta fita ta ƙofar da mai ya ke shiga, in ta fito da ƙarfi ta kan kwaso mai tare da ita.

Saboda haka kuskure iri biyu ne. In aka cusa bakin famfo can ciki, mai zai rufe kafa tun tanki bai cika ba. In kuwa aka riƙe shi sama ƙwarai, mai ba zai taɓa kafa ba har ya tumbatsa, famfo ba zai tsaya ba.

Yadda ya kamata a yi

A ƙasashenmu mai sayarwa ne ya ke riƙe famfo, a waɗansu ƙasashe kuwa mai babur ya kan zuba da kansa. Ko wane ne ya riƙe, ka'ida ɗaya ce.

1. Kashe inji, ka sauka, mai goyo kuma ya sauka. Kafe babur sosai a wuri mai daidai. Wanda ke zaune bisa babur, in wuta ta tashi, tsakanin ƙafafunsa za ta tashi, ba shi kuwa da hanyar gudu sai ya yar da babur, mai ya ƙara malala.

2. Buɗe murfi sannu, don tururin da ya taru ya fita a hankali.

3. A kawo bakin famfo yana duban sama, gama sau da yawa akwai sauran mai a ciki na wanda aka zuba wa kafin kai.

4. A sa shi ciki kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, a karkata shi gefe guda don mai ya bi bangon tanki, kada ya bugi tozo. A bar ƙarfensa yana taɓa bakin tanki.

5. A matsa kunama kaɗan, kada a ja ta duka, kada kuma a maƙale ta a saki hannu.

6. A zuba ido cikin tanki. Mai yana tasowa, ana rage matsi. In famfo ya tsaya tun da sauran wuri, a ɗaga shi kaɗan, a ci gaba sannu sannu.

7. In mai ya kawo gindin wuyan tanki, ya isa. A saki kunama, a dakata ɗigon ƙarshe ya sauka, sa'an nan a fitar da baki yana duban sama. Rufe murfi gam.

In kuwa a bakin hanya ka saya, cikin kwalba ko galan, sa mazurari, a tsiyaya sannu, a ɗan ɗaga mazurarin don iska ta sami wurin fita.

Don me ba a cika tanki fal

Mutane da yawa su kan girgiza babur don a ƙara musu har baki. Wannan hasara ce. Mai yana fitowa da sanyinsa daga rumbun da ke ƙarƙashin ƙasa, in ya sha rana sai ya kumbura. Lita 11 in zafinsu ya ƙaru da digiri 20, su kan ƙaru da misalin cikin kofin shayi guda. In babu wuri, sai ya tsattsafo ta 'yar kafar shaƙar iska ta murfi, ya ɓata fenti, kuɗinka kuma ya bi iska.

Haɗarin da ke ciki

Ba don fenti kaɗai mu ke wannan magana ba. Abin da ke kama wuta shi ne tururin fetur, yana kuwa tashi ko cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara. Tururin nan ya fi iska nauyi sau uku ko huɗu, don haka ba ya tashi sama, sai ya kwanta ƙasa ya yi ta rarrafe har ya tarar da wuta. A babur kuwa inji da salansa suna ƙarƙashin tanki, da zafinsu. Da hunturu, sa'ad da iska ta bushe, ka san tufa ta kan yi tartsatsi in an cire ta da dare. Irin tartsatsin nan ya isa ya kunna tururin fetur, shi ya sa muka ce ƙarfen famfo ya riƙa taɓa bakin tanki. Taba da ashana kuwa, ba sai an faɗa maka ba.

Cikin watan Oktoba na 2024 tankar mai ta faɗi a garin Majiya ta Jihar Jigawa, mutane suka taru wurin man da ya malala, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Halin fetur ɗaya ne, ko a tanka ko a tankin babur.

In mai ya zube

Kada ka ta da inji nan take. Tura babur gaba da hannu, goge shi da tsumma, ka jira ya bushe. Wanda ya zuba ƙasa a rufe shi da yashi. In wuta ta kama kada a watsa ruwa, gama fetur yana tasowa bisa ruwa, sai ruwan ya yaɗa wutar. A yi aiki da yashi ko tukunyar kashe gobara ta gidan mai. In ya taɓa jiki, wanke da sabulu, tufar da ta jiƙe kuma a sake ta. In ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta har minti 15. In wani ya haɗiye shi, kada a sa shi amai, don kada ya shiga huhu, a kai shi asibiti maza.

Duk abin nan da muka lissafa bai fi minti guda ya ƙara maka a gidan mai ba. In mai sayarwa yana gaggawa, ka roƙe shi da ladabi ya sassauta, gama babur naka ne, jiki ma naka ne. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyashe mu, amin.